Maƙalin Malam Tinoco

Morelia, farkon Oktoba

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Nemesio da Goggo Chayo da duk masu taya ka aiki a gidan burodi. Yaya ƙafar nan taka? Goggo ta ce har yanzu tun asuba kake tsayuwa gaban tanderu, in an yi magana ka ce ai ƙafar ce ba ta da kunya. Ni dai lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, ko da yake abin da suke kira burodi a ɗakin cin abincinmu, da ka gan shi sai ka kai su ƙara.

Ban manta tambayar da ka yi mini a tasha ba, lokacin da kake miƙa wa direba jakata. Ka ce, "Wai littattafan nan naku, in kin gama, a wane tanderu ake gasa su?" Na yi dariya na shiga mota, amma kar ka ɗauka na rasa amsa. Amsar tana nan tafe, shekarar ƙarshe ce wannan, ka ƙara haƙuri da ni.

Ga albishir. Kwamitin Bikin Matattu ya zauna, kuma a karo na uku ni aka ba wa rubuta waƙar Malam Tinoco. Ka san yadda muke yi a nan. Ana saura mako biyu a yi bikin, sai a ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi a tsakar kwaleji, a jera maƙalan shanya na katako, kowanne da sunan mutum a jiki. Duk wanda ya ga maƙalinsa ya san bana ma za a kashe shi a takarda. Ranar bikin sai a karanta kalaberar kowa a gabansa, wato waƙar barkwanci ta mutuwarsa, a faɗi yadda Ramammiya, ita Mutuwa ke nan, ta zo ta ɗauke shi saboda mugun halinsa, a sha dariya, sannan a maƙale takardar a igiya. Irin dai wadda maƙwabcinmu Don Gaudencio yake liƙa maka a ƙofar shago kowace shekara, yana cewa Mutuwa ta same ka kana rage wa burodi sukari. Bambancin kawai, tamu ana ba ta maki.

Kowa yana son a ba shi Malam Tinoco, kowa kuma yana tsoro. Kwalejin nan ƙarama ce, kuma dokarta ita ce ko lissafi ka zo karantawa, ko ilmin tsirrai, sai ka bi ta ajin adabinsa. Shekara talatin yana nan da kwat ɗinsa guda mai ruwan ƙasa, da tsohon kekensa, da gwaiba a aljihu, da jan bironsa. Ana buga ƙararrawa yake sa wa ƙofa sakata, ko shugabar kwaleji ce ta makara sai dai ta saurara ta taga. In ka kai masa rubutu ka cika shi da manyan kalmomi, sai ya ɗaga takardar ya leƙa bayanta, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce, "Na ga ado. Ina mutumin?"

Makon jiya bai bar mu mun buɗe littafi ba. Tashar mota ya tura mu, ya ce mu tsaya mu ji yadda mutane suke ban kwana, mu dawo masa da abin da suka faɗa, ba abin da muke ganin ya kamata su faɗa ba. Na ga wata tsohuwa ta rako ɗanta, da alama tafiyar nesa zai yi. Ba ta ce za ta yi kewarsa ba. Cewa ta yi, "Ka ga wuyan rigarka, kamar wanda ba shi da uwa," ta gyara masa, ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba. Da na karanta a aji Malam ya ce, "To, yau 'yar mai burodi ta kawo mutum." Washegari muka buɗe littafin da muke karantawa, sai ga irin wannan ban kwanar a ciki. Kai na tuna a tasha, da zancen tanderunka.

Bara na rubuta cewa Ramammiya ta zo ɗaukarsa ya sa ta maimaita aji. Ya yi dariya har gwaiba ta sarƙe shi, sannan ya ba ni bakwai cikin goma. Ba a taɓa ba wa kowa takwas ba, bana kuwa na yi niyyar sai na karɓa. Kayan aiki ma sun samu a sama. Tun da muka dawo hutu ya rame, kwat ɗin nan yana lilo a jikinsa, kuma ya daina hawa keken, matarsa Doña Herlinda ce take kawo shi a mota. Har na tsara baiti a kan Mutuwa ta gan shi ta rasa wa zai ɗauki wani a cikinsu. Na karanta wa abokiyar ɗakina, ta yi dariya har da faɗuwa daga gado.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Ka zauna ka huta ko sau ɗaya a yini, na san ba za ka yi ba.

Taka har kullum,
Yunuén

Morelia, tsakiyar Oktoba

Babana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mutanen gida. Na san aiki ya fara yawa, kowa yana son a ajiye masa burodin biki. Allah ya ba da kasuwa, ya kuma ƙara wa ƙafa sauƙi.

Baba, ramar nan ta Malam ashe ba ta banza ba ce. Ciwon daji ne a cikinsa, kuma an ce ya yi nisa. Shi bai gaya wa kowa ba. Wata ɗaliba ce ta gan shi a asibiti a layin masu karɓar maganin, kafin yamma labari ya gama kwaleji. Da na ji, na koma ɗaki na ɗauko baitin nan nawa na sake karantawa. Na cusa takardar ƙarƙashin katifa.

Kwamiti ya kira taron gaggawa. Shugabanmu Leobardo ne, mai karanta tattalin arziki, yaron kirki ne amma komai sai ya yi masa tsari. Ya ce, "Jama'a, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Ba za mu tsaya gaban mutumin da ke wannan hali mu ce Mutuwa ta zo ɗaukarsa ba. Bana a cire maƙalinsa, shi ke nan." Kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, don a lokacin ban ga wata hanya ba.

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni sukuni. Kwalejin nan gaba ɗaya ta zama ta mutanen kirki. Wanda bai taɓa gaishe shi ba yanzu da gudu yake buɗe masa ƙofa. Mai dafa abinci tana aiko masa da kunun masara har aji ba tare da ya tambaya ba. Ajinsa da ake jin hayaniyarmu tun daga bakin titi ya koma tsit. Da can in ya faɗi ra'ayi, mutum biyar ne za su taso masa, shi kuma yana murna yana cewa, "Yauwa, ku zo, ku zo, kun same ni." Yanzu ko me ya ce sai gyaɗa kai.

Ranar Talata ya gwada mu. Muna kan labarin wata mata da mijinta ya wulaƙanta ta, wadda shi da bakinsa ya sha kare ta a ajin nan. Sai ya ce, "Na sake tunani. Ita ce mai laifi, da ta yi shiru da an zauna lafiya." Ya tsaya yana kallonmu. Ba wanda ya yi tari. Har wasu suka sunkuya suna rubutawa. Ya ce, "Leobardo, ka yarda?" Leobardo ya ce, "E to, Malam, akwai ƙamshin gaskiya a ciki." Ya juyo kaina ya ce, "Ke fa, 'yar mai burodi? Yau an ɗinke bakin?" Na san ƙarya yake yi, na san ya san na sani, amma na dubi wuyansa yadda ya zama a cikin kwala, na kasa. Na ce, "Sai na sake dubawa, Malam." Ya rufe littafin a hankali, ya zare sakatar da kansa, ya fita tun ba a buga ƙararrawa ba.

Jiya aka ɗaura igiya. Akwai maƙalin shugabar kwaleji, akwai na mai dafa abinci, akwai na mai gadi, har karen da ke kwana a bakin ɗakin karatu an yi masa nasa. Ina zaune a kan matakala na ga Malam ya fito. Ya bi igiyar daga wannan ginshiƙi zuwa wancan yana taɓa maƙalan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya dawo ya sake bi, ko ya tsallake ne. Sannan ya sa hannu a aljihu ya tsaya yana kallon teburin matattu da ake haɗawa a ɗaya gefen, inda ake jera hotunan malaman da suka rasu. Ya daɗe a tsaye kafin matarsa ta yi masa hon.

Baba, kalabera ta masu rai ce. Ba a taɓa yi wa mamaci ba, shi tebur ake sa shi da kyandir da furanni. A tsakar gidan nan wuri biyu ne kawai, igiya da tebur, mu kuma mun cire shi daga igiya. Muna ganin tausayi muka yi, shi kuwa na ga abin da ya karanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushi kafin kowa.

Na ciro takardar daga ƙarƙashin katifa. Ban yanke shawara ba tukuna, amma ka faɗa mini ra'ayinka. In hannunka yana cikin kwaɓi, Yaya Nemesio ya rubuta.

'Yarka,
Yunuén

Morelia, ana jibi biki

Babana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Yaya da Goggo. Takardarka ta iso da garin fulawa a jikinta, na gane da hannunka ka rubuta, na gode. Na ji daɗi da ka ce kumburin ƙafar ya saɓe.

Na karanta abin da ka ce. Ka ce in fita harkar, ba a wasa da mai ciwo, in bar mutum ya tafi da mutuncinsa, kuma in tuna shi ne zai sa hannu a aikina na ƙarshe. Na san don kana so na ka faɗa. Amma ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Ka tuna shekarar Mama ta ƙarshe? Duk mun koma magana ƙasa-ƙasa, ko cokali ya faɗi sai mu dubi juna. Goggo Chayo kaɗai ce ba ta canza ba. Za ta shigo ta ɗanɗana miyar da Mama ta lallaɓa ta dafa, ta ce, "Ke dai har ki mutu ba za ki iya sa gishiri ba." Kai kana jin haushi, har ka taɓa cewa za ka hana ta shigowa. Amma in Mama ta farka, wa take tambaya? "Ina Chayo? Ba ta zo ba?" Ina ƙarama a lokacin, na ɗauka Goggo ba ta da tausayi. Sai a makon nan na gane a ɗakin nan ita kaɗai ce take magana da Mama, mu sauran da ciwon muke magana.

Duk da haka ban yi gaban kaina ba. Na je gidan Malam da rana, lokacin da na san yana aji. Doña Herlinda tana tsakar gida tana tsinke furanni. Ban gama bayani ba ta ce, "A'a." Ta ajiye almakashi ta ce, "'Yata, ke sau ɗaya za ki faɗa ki tafi hutu gidanku. Ni nake kwana da abin nan, ni nake tashi da shi. Kina so in zauna cikin jama'a ana kiran Mutuwa da sunan mijina ana tafi?" Na ce ta yafe mini, na miƙe zan tafi.

Har na kai ƙofa ta ce, "Zo nan." Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit. Takardun kalaberar da aka yi masa tun shekarar da ya fara koyarwa, duk suna ciki, kowacce da jan makinta. Ta ce, "Ranar da aka ɗaura igiyar nan ko abinci bai taɓa ba. Na ce me ya faru, ya ce, 'Herlinda, yaran sun riga likita yanke mini hukunci.' Daga nan bai ƙara ba." Ta rufe gwangwanin ta rungume shi. Ta ce, "Ni ban ce ki yi ba, kuma ba zan zo ba. Amma ya sa na goge masa farar rigarsa, wadda yake sawa kowace shekara. Na ce ina za ka, ba ka cikin igiya? Ya ce zai je ya ga yadda ake kashe masu sa'a." Da zan fita ta ƙara da cewa, "In kika sa shi kuka, sai na yi maganinki. In kuma kika lallashe shi, shi zai yi."

Na sami Leobardo na ce a mayar da maƙalin. Ya ce kwamiti ya riga ya yanke, kuma in abin ya ɓaci wa zai ɗauki laifi? Na ce ni. Ya ce, "Yunuén, ke fa kin cika ji da kanki. Maki takwas kike nema a kan mutumin da ke mutuwa?" Maganar ta yi mini zafi, na ce, "Kai kuma ka binne shi don kar hannunka ya yi datti." Ba mu rabu da daɗi ba. Ya rantse ba zai miƙa mini lasifika ba, na ce ai wadda ta girma tana tallan burodi a tashar Tacámbaro ba ta da matsalar murya.

Rubutun ne ya fi ba ni wahala. Na gwada cire baitin rama, sai waƙar ta zama irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Kowa ya ga ya rame, shi ma yana da madubi, in na tsallake ai na koma cikin masu gyaɗa kai. Na mayar da shi. Shekara uku yana koya mini in dubi mutum in faɗi abin da na gani, ba zan fara kawar da kai a kansa ba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In na yi kuskure, mutumin da na fi girmamawa bayanka zan ci wa fuska a gaban kwaleji, kuma babu lokacin gyarawa. Amma na san Malam, na kuma san abin da na gani a gaban igiyar nan. Ka sa ni a addu'a ko da kana fushi.

Mai ƙaunarka,
Yunuén

Morelia, ranar biki da yamma

Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun gama gashi lafiya kun sayar lafiya. Gobe ina tafe a motar safe, amma direban yamma zai wuce ta ƙofar shago, na ce bari takarda ta riga ni, don in na tsaya faɗa maka da baki kuka zai hana ni kai ƙarshe.

Kwandon burodin da ka aiko ya iso da hantsi. Ba ka sa ko layi ɗaya a ciki ba, sai burodi mai ƙamshin lemo har baki, da babba guda a sama da ka naɗe daban. Na gane na wane ne, na gode, Baba.

An fara bayan abincin rana. Tsakar kwaleji ta cika, furanni ko'ina, ƙamshin turare ya haɗu da na burodinka. Malam yana can layin baya kusa da ginshiƙi, da farar rigarsa da bargo a kan gwiwa. An kashe shugabar kwaleji saboda dogon jawabi, an kashe mai dafa abinci da wakenta, an kashe kare. Ana ta dariya, amma duk wanda ya tuna ya waiwaya baya sai dariyarsa ta rage. Shi kuwa yana tafa wa kowa a hankali.

Da aka karanta ta ƙarshe Leobardo ya fara godiya ga jama'a. Na miƙe na hau matakala na ce, "Saura ɗaya!" da muryar tallan nan da ka sani. Leobardo ya ce ƙasa-ƙasa, "Don Allah, Yunuén, ki rufa mana asiri." Ban dube shi ba. Na ce, "Ta Malam Eusebio Tinoco." Ga abin da na karanta:

Ramammiya ta zo aji a makare,
ta tarar Malam ya sa sakata.
Ya ce, "Duk wanda ya zo bayan ƙararrawa,
ko Mutuwa ce, sai ta dakata."

Ta turo sammaci ta ƙarƙashin ƙofa,
ya zaro jan biro ya bi shi da gyara:
"Ado ya yi yawa, ina mutumin?
Je ki sake, ba ki ma fara."

Da ya fito ta dube shi sama da ƙasa,
ta ce, "Kai, wa ya riga ni aiki?
Ƙashi a nan, ƙashi a can,
wa zai ɗauki wani, aboki?"

Ta aza shi a bayan tsohon kekensa,
sarƙa ta tsinke a kan hanya.
Ya ce, "Shekara talatin bai taɓa yi ba,
ke ce ba ki iya tuƙi ba, yarinya."

A maƙabarta ya bi kaburbura
yana gyara rubutun kan duwatsu.
Matattu suka ce, "Mayar da shi aji,
mun tuba, mun gaji, mun matsu."

A baiti na uku na ji wata ta ce "Wayyo" a gaba, wani malami ya sunkuyar da kai. Duk da haka na kai ƙarshe. Da na gama ba wanda ya tafa, ba wanda ya motsa. Na ce a raina, shi ke nan, Baba ya yi gaskiya.

Sai muka ji wani sauti daga baya. Da farko na ɗauka tari ne. Ashe dariya ce, irin tasa mai fita ta hanci, yana dukan gwiwa yana cewa, "Wa ya riga ni aiki! Ja'ira! Wa ya riga ni aiki!" Dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya, hawaye yana zuba yana sharewa da bargo. Daga nan wurin ya ɓarke. Mai dafa abinci tana dariya tana kuka a lokaci guda, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "'Yar mai burodi, kawo nan." Na ratsa mutane na kai masa. Ya laluba aljihun rigar, Baba, jan biron yana ciki, da shi ya zo. Ya ɗora takardar a gwiwa yana bi layi-layi, kwaleji gaba ɗaya tana jira. Ya yi rubutu a ƙasa ya ce da ƙarfi, "Shida."

Na ce, "Haba Malam! Bara fa bakwai ka ba ni."

Ya ce, "Bara ba ki ji tsoro ba. Baiti huɗu kin riƙe wuƙa da kyau, a na biyar hannunki ya yi rawa. Wa ya taɓa jin kalaberar da aka mayar da mutum gida? An kai shi, an kai shi ke nan. Ke kuma kin sa matattu suna roƙo a dawo da ni. Wannan ba matattu ba ne suke magana, ke ce."

Na ce, "To ni ce. Kuma ban janye ba, baitin ya zauna daidai."

Ya ce, "Bai zauna ba."

Na ce, "Ya zauna, kai ne dai ba ka son a ce ana so ka dawo."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yauwa. Ashe bakin yana nan." Sannan ya waiga ya ce, "Ina mai tattalin arziki? A ina zan rataye wannan, a kunnena?" Leobardo ya matso idonsa ja, ya sa hannu a aljihun wando ya fito da maƙalin. Ashe tun ranar da aka cire yake yawo da shi, ya kasa jefarwa ya kasa mayarwa. Malam ya ƙi a taimaka masa, ya tashi da kansa ya taka har igiya, ya maƙale takardarsa tsakanin ta shugabar kwaleji da ta kare. Ya ce nan ne matsayinsa.

Na ba shi babban burodin na ce daga Babana. Ya gutsura ya tauna ya ce, "Wannan tara ne. Ki gaya masa ya fi ki iya rubutu." Ka ga amsar tambayarka ta tasha ta zo, kuma kai ta ba wa gaskiya rabi, ni rabi. Ina juyowa na hango Doña Herlinda a bakin babbar ƙofa, ba ta shigo ba, tana riƙe da gwangwanin nan a ƙirjinta. Ta nuna ni da yatsa daga nesa ta girgiza kai. Ban san ko yafiya ce ko gargaɗi ba, ban kuma matsa in tambaya ba.

Kafin a watse na je igiya in ga abin da ya rubuta a ƙarƙashin makin. Rubutunsa ya ɗan karkace yanzu, amma ana karantawa. Ya sa: "A gyara baitin ƙarshe, a kawo baɗi."

Zan gyara, Baba, kuma zan kawo. Baɗi na gama makaranta, amma ko ina nake zan hau mota in zo. In na tarar da maƙalinsa a igiya, in tsaya a matakala in karanta masa ya ba ni takwas ɗina. In kuma na tarar da hotonsa a ɗaya gefen, in ajiye masa a kan tebur kusa da gwaiba da jan biro, ya duba a can.

Ka ce wa Goggo Chayo ta jira ni kafin ta haɗa teburin Mama, ni zan sa gishirin da ake ajiye mata a kai bana. Sai na iso.

Taka har abada,
Yunuén